Ƙanena, Riƙe Hannunka in Ka Sauka Italiya

Ranar Asabar a kasuwar Ballarò da ke birnin Palermo, a tsibirin Sisili na kudancin Italiya, na ga wani ɗan uwanmu, bai cika wata uku da isowa ba, yana ciniki da wata dattijuwa mai sayar da kifi. Ta faɗi kuɗi, shi kuwa sai ya tattara yatsunsa biyar wuri guda, kawunansu na kallon sama, yana kaɗa hannun a gaban fuskarta yana murmushi. A waya ya gani, ya zaci raha ce. Dattijuwar ta ɗaure fuska, ta juya wurin mai bi masa. Raina ya ɓaci, domin da wannan hannun ni ma na fara yi wa kaina ɓarna.

Nawa kuskuren ya fi nasa muni, don ni gani nake na san ma'anar. Duk wanda ya yi hulɗa da Larabawa a Makka ko Masar ya san in an tattara yatsu haka, ana nufin dakata, bi a hankali. Da wannan na zo. A Italiya kuwa tambaya ce mai ɗauke da ƙorafi, "ma che vuoi", wato me kake so ne, wace irin magana ce wannan? Wuyan hannu ke motsawa sama da ƙasa, sau biyu ko uku. In motsin ya tashi daga gwiwar hannu, ya yi faɗi, ya yi sauri, to fushi ya shigo ciki. In kuma hannun ya tsaya cik, yatsun ne ke buɗewa suna rufewa, magana ta sake: ana nufin tsoro, ko wuri ya cika maƙil. Kusan shekara guda ina yi wa manya wannan alama da nufin su ba ni minti ɗaya, su kuwa suna jin na mai da maganarsu shirme. Zan iya cewa ba laifina ba ne. Ajin koyon harshe kalma da nahawu yake koyarwa, ba wanda ya taɓa ce mana hannu ma yana da ƙamus, alhali Farfesa Isabella Poggi ta Jami'ar Roma Tre ta ƙirga alamu wajen 250 da Italiyawa ke amfani da su kullum. Amma gaskiya fuskokin mutane sun sha gaya mini, ni ne ban duba ba. Girman kai ne.

Na biyu ya fi ciwo, don a nan daidai na koya. A Sisili da Napoli, in mutum ya sa bayan yatsunsa ƙarƙashin haɓa ya goge zuwa waje, cewa ya yi a'a, ko babu. Sau da yawa yakan haɗa da ɗaga kai baya da ɗan tsaki gajere, kuma wannan tsakin ba raini ba ne kamar namu. Na ɗauki abin nan na kai Milan. Can arewa ma'anarsa "ko a jikina". Ka duba: an tambaye ka ko kaya sun iso, kana nufin ba su iso ba, mai tambaya ya ji ka ce bai dame ka ba. Wa zai zaci ƙasa ɗaya, hannu ɗaya, magana biyu? Duk da haka, tambaya ɗaya da na yi wa wani ɗan gari da ta raba ni da wannan kunya.

Sai ƙaho: manuniya da ƙaramin yatsa a miƙe, sauran a naɗe. In sun kalli ƙasa, kariya ce daga kambun baka a al'adarsu. In sun kalli sama, ko aka nuna namiji da su, an ce masa matarsa na cin amanarsa, kuma a kudu wannan na iya kai wa ga dambe. Ko Silvio Berlusconi, yana firaminista, da ya yi ta a bayan kan ministan harkokin wajen Sifen a hoton taro a 2002, sai da duniya ta ɗauka. Yaran yanzu kuwa kowane hoto sai sun ɗaga ta, ba su san abin da suke faɗa ba, in ka yi magana su ce ai ta mawaƙa ce.

Na yi niyyar jera muku alamu ashirin, amma na san ba za ku karanta ba. To ga gajere: wata shida na farko ku riƙe hannunku. Ku kalli fuska kafin yatsu, don gira da baki ne ke bambance wasa da zagi. Kada ku yi wa wanda ya girme ku, ko ɗan sanda, ko mai gidan haya wata alama da kuka gani a bidiyo. Tun da aka sa tattararrun yatsun nan cikin 'yan hotunan saƙon waya, wato emoji, a 2020 kowa ya zama gwani, abin na ba ni haushi.

Sai dai kuma kada ku tsaya ƙiƙam kamar turke, don mutanen nan ba sa sakewa da wanda jikinsa ba ya magana. Akwai uku marasa haɗari. Manuniya a kan kunci ana murzawa: abinci ya yi daɗi, uwar gida za ta ji daɗin gani. Jan fatar ido ta ƙasa da yatsa ɗaya: yi hattara. Babban yatsa da manuniya a buɗe, ana juya wuyan hannu: babu, ya ƙare.

In kuwa wani ya buɗe maka tafi da yatsu biyar, kada ka tashi da faɗa. Ba daƙuwa ya yi maka ba, ba su san ta ba. Ko biyar yake nufi, ko tsaya.

Yaron na kasuwa na bi shi har bakin titi na yi masa bayani. Na ce gobe ya koma, ya gaishe ta da "buongiorno signora", hannuwansa biyu riƙe da jaka, ya sayi ko rabin kilo ne na kifin.