Ranar da na ƙi karɓar taliyar Baffa

Ana saura kwana huɗu zaɓen gwamna na watan Maris 2023, Baffa ya tara matan gidanmu a tsakar gida, nan Tudun Wada. Lokacin canjin kuɗi ne, mutum da kuɗinsa a banki amma na cefane ya gagare shi. Yara suka shigo da kwalayen taliya da sabulu da atamfa, Baffa ya faɗi inda za a dangwala. Da rabo ya zo kaina na ce na gode, ba zan karɓa ba.

Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma baki shi ke yanka wuya. Na ce duk wadda ta karɓa ta sayar da shekara huɗu a kan taliya. A gaban Inna na faɗa, da kishiyarta, da matan yayyena. Baffa ya tattara babbar rigarsa, ya ce, "To, mun haifi 'yar tawaye," ya fice.

A daren har wani daɗi nake ji. Tun muna yara muke jin labarin Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta shiga jam'iyyar NEPU tana da ƙuruciyarta a Sabon Garin Zariya, ta sha duka ta sha ɗauri a kan mata su samu 'yancin jefa ƙuri'a. Matan Arewa ba su shiga babban zaɓe ba sai 1979. Ta rasu a 2001, ga asibiti can Ƙofar Gayan da sunanta. Ni a raina na bi sahunta ke nan.

Inna ce ta sauke ni. Da asuba ina alwala ta tsaya a kaina, ba faɗa ba ɗaga murya. Ta ce, "Ke albashi gare ki. Matar yayanki kwana biyu tana dama wa 'ya'yanta koko ba sukari. Ita kika kira mai sayar da kai?" Ta ƙara da cewa wa ya gaya mini duk wadda ta karɓa can za ta dangwala, ai rumfar zaɓe daga ke sai Allah. Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba, ni da nake ganin na fi su wayewa.

Sai na ga ashe abu biyu na haɗa a tukunya ɗaya. Ƙin karɓar nawa ne, har gobe ban yi nadamarsa ba. Gorin kuwa rashin kunya ce tsagwaronta, kuma bai taɓa ɗan takarar ba ko kaɗan, a kan matan da ba su da yadda za su yi ya sauka. Gambo da masu mulki ta ja, su ne masu 'yan doka da gidan yari. Ni kuwa na tasa matar wana a gaba.

Na bi su ɗaki ɗaki na ba da haƙuri. Wata ta yafe nan take, wata ta ce in je da bokona.

Na Baffa ne ya daɗe. Wata uku cur ina zuwa zaure kowace safiya in durƙusa in ce, "Baffa, ina kwana," ya ci gaba da jan carbinsa kamar iska ce ta wuce. Yayana ya ce in ce masa kawai na zaɓi wanda ya ce, magana ta mutu. Na ƙi, don ban zaɓe shi ba. Wannan durƙuson na kullum ya fi maganar tsakar gida wuya nesa ba kusa ba, ba mai kallo, ba mai cewa sannu.

Ranar Babbar Sallah na kai masa tuwo. Ya buɗe kwanon, ya dube ni, ya ce, "Sawaba, miyar ba yaji ne?" Na koma ciki na ɗauko masa.