Jan fure a kan shuɗin atamfa

Yau a kasuwar Dole wata atamfa ta tsayar da ni cak. Jajayen furanni ne a kan shuɗi mai duhu, sai na ga furannin sun taso sama. Na shafa, sumul. Na rufe ido ɗaya suka kwanta, na buɗe suka sake tasowa. Mai rumfa ya ce, "Hajiya, ni kuwa shuɗin nake gani a gaba."

Ido ya fi lanƙwasa hasken shuɗi a kan ja, shi ya sa ba sa sauka wuri ɗaya a cikinsa. Ƙwaƙwalwa ta haɗa hoton idanu biyu, ta mayar da ɗan bambancin nan nisa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, ashe nisan da muke gani ma lissafin ƙwaƙwalwa ne.