Ranar da aka kawo mana felet

Asabar, tsakiyar Janairu, a ƙauyenmu kusa da Brescia, arewacin Italiya.

Da na fito alwalar asuba falon har ya yi ɗumi. Tun daren jiya Baban Amira ya saita wa murhun ɗumama gidanmu lokaci, ƙarfe biyar ya kunna kansa. A waje hazon kwarin kogin Po ya rufe gonaki, ciyawa ta yi fari fat da ƙanƙara.

Da hantsi mai mota ya sauke mana felet, wato 'yan ƙwayoyin katako da murhun ke ci, kowane buhu kilo 15. Ni da yara muka yi ta jido zuwa gareji, don abin ba ya shiri da ruwa: danshi na taɓa shi sai ya kumbura ya koma gari. Amira ta ɗebi kaɗan a hannu ta ce, "Mama, wannan ai abincin kifi ne." Sai na zauna na yi mata bayani. Dusar katako ce daga masana'antar yankan itace, a busar da ita, inji ya matse ta har zafi ya narkar da ƙaron da ke jikin itacen ya haɗe ta. Kaurin kowace ƙwaya milimita 6 ne, danshinta bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Shi ya sa take ci da kyau, kilo 2 yana ba da zafin da kusan lita ɗaya ta man ɗumama gida ke bayarwa.

Kafin mai motar ya tafi sai da na duba tambarin ENplus A1, shaidar ajin ingancin felet, a jikin buhunan. Wannan ajin tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin 100, kuma A1 dokar yankinmu na Lombardiya ta wajabta wa ƙananan murahu irin namu. Tun 2020 ma ba a yarda a kafa sabon murhu mai ƙasa da taurari 4 a ma'aunin tsabtar hayaƙi ba a yankin nan. Ina goyon bayan dokar ɗari bisa ɗari. Duwatsun Alps sun tare iska, hayaƙi ba ya samun hanyar fita, kuma yaranmu ne ke shaƙarsa.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ina ganin abin da nake kashewa da idona. A 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukren, takardar kuɗin gas ta hana mutane barci a nan, don ba ka san nawa za a rubuto maka ba sai ta iso. Felet ma ya yi tsada a shekarar, ya ninka kuɗinsa. Amma buhu ne, ina ƙirga shi. In sanyi ya tsananta buhu ɗaya yana kai mu yini, in ya sassauta mu rage wutar da maɓalli, ƙarfen da ke juyawa a ciki ya riƙa zubo ƙwayoyin kaɗan-kaɗan.

Murhun yana da tasa hidimar. Bayan azahar na kashe shi, ya huce, na zuƙe tokar da inji, na goge gilashin. Fankarsa tana ɗan ƙara, kuma in aka ɗauke wuta shi ma ya tsaya.

Da yamma na kira Inna a Katsina. Ta ce hunturun bana ya matsa, tana kwana da kaskon garwashi a ɗaki. Hankalina ya tashi. Na ce, "Inna, don Allah ki riƙa fitar da shi kafin ki kwanta, iskar gawayi ba ta da wari amma tana kisa." Ta tambayi namu, na ce hayaƙinsa ta bututu yake fita sama da rufi, ƙofarsa kuma a rufe take ruf. Ta yi alkawari, amma gobe zan kira Yaya ya leƙa ɗakin da kansa.