Bargon guntayen atamfa da ɗinkin da ba a gani

Akwai wata jaka a ƙarƙashin gadona da ta yi shekaru tana cika. Duk anko da na yi, duk atamfar sallah, ragowar ƙyallen da tela ya maido nan nake jefa shi. Da ƙanwata ta haihu a farkon hunturu sai na zazzage jakar a tsakar ɗaki, na ce a cikin nan zan fitar wa yaron da bargo. Akwai guntun zanen Inna a ciki, wani shuɗi mai ganye wanda ta fi so, shi ya sa na ƙudurta aikin nan sai ya yi kyau.

Haɗa guntayen bai ba ni wahala ba. Na wanke su tukuna, don atamfa tana zuba kuma tana ɗan tsukewa, na yanka su murabba'i, santimita 12 kowane gefe, na jera na ɗinke. Inda na tsaya cak shi ne wajen haɗa hawa ukun: fuskar guntaye a sama, siririyar auduga a tsakiya, farin yadin da na sayo a Kantin Kwari a ƙasa. Dole zare ya ratsa ukun ya riƙe su, in ba haka ba wanki ɗaya audugar za ta dunƙule waje guda. Ni kuwa ban so zare ya bi ta kan zanen Inna ya ɓata ganyen.

Masu wannan sana'a a Amurka, inda bargon haɗe-haɗe ya daɗe da zama al'ada, suna da hanyar da suke fara koya wa sabon hannu: ka bi layin da guntaye biyu suka haɗu, allura ta riƙa sauka a cikin tsagin, zaren ya nutse ya ɓuya. Da na duba tsagin da kyau sai gonar kakanmu ta faɗo mini a rai. Kunya da kwari ne. Idan ka kwantar da bakin ɗinkin baya zuwa gefe guda da dutsen guga, wancan gefen yana da yadi ninki uku, ya yi tudu, ɗayan kuma ninki ɗaya, ya yi ƙasa. A wannan na ƙasan za ka yi ɗinki, dab da gindin tudun, kamar mai bin kwari.

A gwajin farko ban san haka ba. Na buɗe bakin ɗinkin biyu na goge shi ya baje, yadda muka saba yi wa riga. Babu tudu, babu kwari, allurar tana sauka a kan zaren tsohon ɗinkin kawai ba ta kama yadi ba. Da na ɗaga wa haske sai na hango audugar tana leƙowa ta tsakani. Daren nan a farke shi na ƙare, raina a ɓace. Washegari na sake guga, layi bayan layi, kowane baki na kwantar da shi wajen yadin da ya fi duhu don kada ya nuna ta fuska.

Kafin in koma kan keke na shimfiɗa farin yadin a ƙasa, na bar shi ya zarce fuskar da kamar santimita 8 ta kowane gefe, na miƙar da shi ba tare da na ja ba, na ɗora sauran, na kafe da fil mai kulle, tazarar tafin hannu tsakanin kowane biyu. Gwiwa ta ji jiki, amma duk wanda ya yi ƙyuya a nan zai tarar da tattara a bayan bargonsa.

Kekena Butterfly ne na ƙafa, wanda Inna ta bar mini. Haƙoransa na ƙasa su ke jan yadi, don haka hawan ƙasa yakan riga na sama gudu. Kekunan zamani suna da wata ƙafar danne yadi ta musamman mai jan na sama tare, nawa ba shi da ita. Wani dattijon tela a layinmu na kai wa kuka.

"Baba, yadin sama turuwa yake yi a gaban allura."

"Sassauta abin matsewar da ke saman kan keken, 'yata, ki buɗe takun ɗinkin. Kuma kada ki ja, ki bar shi ya ci da kansa."

Haka na yi. Na sa sabuwar allura mai lamba 14, na kai takun kusan milimita 3, na zaɓi zare mai ruwan toka wanda ke sajewa da kowane launi. Na fara da layin tsakiya daga sama har ƙasa, sannan na riƙa fita gefe, rabin bargon a naɗe kamar tabarma don ya wuce ta ƙarƙashin hannun keken. Tafukana biyu a gefen allura suna ɗan buɗe tsagin, idona kuma ba a kan allurar ba, a kan inda za ta taka nan gaba kaɗan. Inda layuka huɗu suka haɗu, wani lokaci tudun yakan koma ɗaya gefen. Nan sai in tsaya, allura tana ciki, in juya wilin keken da hannu taku biyu ko uku har in koma kwari.

Wurare uku zaren ya hau tudu ya fito fili. Biyu na farke, na ukun yana kusa da baki, na bar shi. Ranar da na kai bargon ƙanwata ta shimfiɗa shi a cinya tana shafawa, sai yatsanta ya tsaya kan shuɗin nan mai ganye.

"Yaya, wannan ba zanen Inna ba ne?"

Na ce shi ne. Ta naɗe yaron a ciki.