Kafin ka cika kanta da mutum-mutumin jarumai

Hannun Spider-Man na farko da na karya yana nan har yau cikin wani ɗan gwangwani, na kasa jefar da shi. Ranar da na fito da mutum-mutumin nasa na roba daga kwali, gwiwar hannunsa ta dama ta ƙi lanƙwasuwa. Ni kuwa ɗoki ya cika ni, so nake in ga ya yi tsayuwar nan tasa ta harba zare, sai na sa ƙarfi. Ƙas! 'Yar ƙusar robar da ke riƙe gaɓar ta tsinke daga ciki. Ko minti 5 bai yi a hannuna ba. Sai daga baya na san fenti ne kawai ya bushe a cikin gaɓar, kuma da na tsoma hannun a ruwan zafi na ɗan lokaci, da ya motsa salin-alin.

Ƙannena, wannan shi ne abu na farko da zan so ku sani: ku san robar da ke hannunku. Galibi iri biyu ake haɗawa. Akwai mai tauri da ake kira ABS, wadda ake yin ƙirji da wasu sassan gaɓoɓi da ita, akwai kuma PVC mai ɗan laushi, ta kai da hannuwa da ƙafafu da mayafi. Zafi na sa PVC ta saki jiki, sanyi kuma na sa ta ƙage. Saboda haka in gaɓa ta cije, a sa ruwa mai zafi wanda bai kai tafasa ba, ko iskar na'urar busar da gashi daga ɗan nesa, sannan a motsa a hankali. A kuma duba ta ina gaɓar take lanƙwasuwa kafin a taɓa ta, domin wani wuyan hannun sama da ƙasa yake yi, wani kuma gefe da gefe. Wanda ya tura shi ta inda ba a yi shi ya bi ba, ya karya.

Amma karayar nan ta jefa ni cikin kuskuren da ya fi ta muni. Tsoro ya kama ni, na daina buɗe kwali gaba ɗaya. Na kuma sami hujjar da zan kare kaina da ita: ai wanda ba a buɗe ba shi ne ke yin daraja nan gaba. Na ji yadda masu tarawa ke rububin jaruman da kamfanin Mego ya fara fitarwa a 1972, masu tsawon inci 8, na DC da na Marvel, wato kamfanonin mujallun zane masu labaran jaruman. Abin da ban yi tunani a kansa ba shi ne dalilin darajar tasu. Yara aka saya wa su, suka yi wasa da su har suka lalace, kwalayen kuma aka zubar, shi ya sa mai lafiya a cikin kwalinsa ya yi wuyar samu. Na yanzu kuwa manya ne da yawa ke saye suna adanawa kamar yadda nake yi. Abin da kowa ya ɓoye, ta ina zai yi ƙaranci?

Shekaru suka wuce, kwalaye jere a kan kanta, rana na dukan wasu ta taga. Da na zo buɗe su, sai na tarar da wasu jikinsu ya yi danƙo yana kama yatsa. Sinadarin da ake zuba wa PVC don ta yi laushi ne ke tsattsafowa a hankali, kuma in babu iska sai ya kwanta a jikin robar. Farin fenti ya koma ruwan ɗorawa a ɓangaren da ke kallon taga, ƙafar wani Batman ta karkace saboda daɗewa a matse wuri guda. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi sun cire yawancin danƙon, ruwan zafi ya miƙar da ƙafar, amma launin da rana ta ci ya tafi ke nan. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin adanawar da na ɗauka kariya ce ita ta ɓata su, ni kuma ban more su ko na yini ɗaya ba.

Ku tuna asalin abin ma. Lokacin da kamfanin Hasbro ya fito da mutum-mutumin soja mai suna G.I. Joe a 1964, ya ƙi kiransa 'yar tsana, ya ƙirƙiro masa suna mai nuna motsi, wato “action figure”, saboda gaɓoɓin su ne abin da ya bambanta shi. In ba don motsin ba, ai gara mutum ya sayi sassaƙaƙƙen mutum-mutumi, ya fi kyan ƙira ma.

Sai kwaɗayin kammala jeri. Kamfanin Toy Biz ya fara fitar da jerin jaruman da ake kira Marvel Legends a 2002, a 2005 kuma ya shigo da tsarin sa ɓangaren wani babban jarumi cikin kowane kwali, ta yadda sai ka haɗa jerin kafin ka harhaɗa shi. Da wani ƙato na labaran Marvel mai suna Galactus aka fara. Tsarin a fili yake, ba wanda ya tilasta mini, amma na riƙa sayen jaruman da ban taɓa karanta labarinsu ba don kawai ƙafa ko hannun da ke cikin kwalinsu. Yau in na dube su ba na jin komai. Wanda na san labarinsa tun daga mujallun zane, ko da fentinsa bai kai nasu ba, shi hannuna ke kaiwa gare shi. Ku fara da karatu, sayen ya biyo baya.

Ku tsayar da girma ɗaya tun da wuri. Marvel Legends inci 6 ne, yawancin na kamfanin McFarlane inci 7, na kamfanin Hot Toys kuma kusan inci 12. In ka cakuɗa su, sai ka ga ƙaramin jarumi ya kere wanda ya kamata ya fi shi tsawo. Jabu kuwa sau ɗaya na saya a intanet na tuba: warin sinadari, ido a karkace, gaɓoɓi sakwa-sakwa. Araha ba ta ado.

Yanzu kaɗan suka rage mini, duk a buɗe, nesa da taga, ina share musu ƙura da burushi mai laushi, ina sauya musu tsayuwa lokaci-lokaci don kada gaɓa ta ƙage. In kana son naka ya tsaya ba tare da ya kife ba, daga ƙasa za ka fara. Daidaita idon sawu har tafin ƙafa biyu su kwanta sosai, sannan gwiwa, sannan ƙugu, ka karkata ƙirji har nauyin ya faɗo tsakanin ƙafafun. Hannuwa da kai su ne na ƙarshe, kuma ɗan sunkuyar da haɓa kaɗan yakan sauya fuskar gaba ɗaya.