Wasiƙun Mendel zuwa ga Nageli

A ranar ƙarshe ta shekarar 1866, wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, mazaunin birnin Birno da ke ƙarƙashin daular Ostiriya a wancan zamani, ya aika wa Farfesa Karl Nageli na jami'ar Munik wasiƙa haɗe da maƙalarsa kan yadda waken Turawa ke gadon siffofin iyayensa. Tun da na karanta labarin wannan musaya, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda masana biyu suka shafe shekara bakwai suna rubuta wa juna cikin ladabi, amma babban bai taɓa gane darajar abin da ƙaramin ya miƙa masa ba.

Aikin da Mendel ya aika ba na wasa ba ne. Daga 1856 zuwa 1863 yana durƙushe a lambun gidan ibadarsu, yana buɗe fure tun kafin ya nuna, ya cire sashen namiji da ɗan hantsaki, sannan ya shafa masa garin furen wata shukar da ya zaɓa da kansa. Har fargabar ƙwaron da ke huda wake ya yi, kada ya shigo da baƙon gari ya ɓata masa lissafi, don haka ya ajiye wasu tukwanen shuka a ɗakin gilashi domin ya gwada su da na fili. Da ya ƙirga jikokin barbarar, sai ya samu ƙwaya 5,474 masu sumul da 1,850 yamutsattsu, wato kusan uku bisa ɗaya, kuma haka rabon ya riƙa maimaituwa a siffofi bakwai.

Nageli ya amsa bayan kusan wata biyu, yana mai nuna shakkar cewa waɗannan alƙaluma za su iya zama ƙa'ida ta gama-gari. Mendel bai yi fushi ba, sai ma ya ɗaure ƙunshi 140 na irin waken ya aika masa domin ya shuka ya gani da idonsa. Sai dai hankalin farfesan yana kan wata ciyawa mai ruwan ɗorawar fure da masana ke kira Hieracium, wadda ya ƙware a kanta. Adalci ne a faɗi cewa Mendel da kansa ya ambace ta tun a wasiƙar farko. Abin da Nageli ya yi shi ne ƙarfafa masa gwiwa da aiko masa da iri.

Wannan ciyawa ita ta cinye ƙarfin Mendel. Furanninta ƙanana ne ainun, sai da allura da gilashin ƙara girma ake iya taɓa su, har idanunsa suka yi ciwon da ya tilasta masa ajiye aikin na tsawon watanni. Sakamakon kuma ya saɓa wa na wake ƙiri-ƙiri. Dalilin, wanda ba a gano ba sai bayan rasuwarsu duka, shi ne yawancin irin wannan ciyawa yana ƙulluwa ba tare da barbara ba, ɗa ya fito kamar an tsaga kara da uwarsa. A ganina laifin Nageli ba zaɓen ciyawar ba ne, domin babu wanda ya san sirrinta a lokacin. Laifinsa shi ne da ya wallafa babban littafinsa kan gadon siffofi a 1884, shekarar da Mendel ya rasu, ko sunansa bai ambata ba.

Bayan an naɗa Mendel shugaban gidan ibadar a 1868, ya gwada barbarar ƙudan zuma iri-iri a amyoyin da ya kafa, amma sarauniyar zuma a sararin sama take saduwa da maza, ba yadda za a zaɓa mata miji kamar yadda ake yi wa fure. Sai a 1900 masana uku suka sake gano ƙa'idarsa, cikinsu har da Karl Korens, ɗalibin Nageli, wanda shi ne ya samo wasiƙun Mendel goma daga iyalan malaminsa ya buga su a 1905.