Hannuwan siminti a Birmingham

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Yau ba ni da aiki, kuma rana ta fito, abu biyu da ba su cika haɗuwa ba a garin nan. Yaya ta iso tun hantsi da ragowar cincin ɗin Sallah a jaka, wai mu tafi kasuwa. Na ce kasuwa ba gudu za ta yi ba, mu fara biyawa ta Ikon, gidan baje kolin zane da ke Brindleyplace. Da ta ji shiga kyauta ne sai ta yarda. Tsohon ginin makaranta ne na jan bulo, itatuwan gabansa duk sun yi fure, jama'a sai ɗaukar hoto suke yi.

Wanda ake nuna aikinsa sunansa Htein Lin, mutumin Myanmar, wato Bama ɗin nan ta yaƙin Bama, inda kakanninmu suka je suka taya Turawan Ingila yaƙi da Japan. Mabiyin addinin Buddha ne. Yaya na jin haka ta ja ta tsaya a bakin matakala.

"Auta, ba su ne suka kori Musulmi daga ƙasarsu ba?"

Na ce sojojinsu ne suka yi, a 2017, lokacin da 'yan Rohingya sama da 700,000 suka tsere Bangladesh, kuma gaskiya ne akwai malaman Buddha irin su Wirathu da suka rura wutar da bakinsu. Amma wannan mutumin, sojojin nan dai su ne suka ɗaure shi. Ta ce to, mu gani. Ba ta saki fuska ba.

An haife shi a 1966. Yana karatun lauya a Yangon aka yi boren ɗalibai na 1988, ya shiga, sojoji suka murƙushe su, ya gudu daji. A dajin ma bai tsira ba, don 'yan uwansa 'yan tawayen ɗalibai sun zargi wasu daga cikinsu da leƙen asiri, suka azabtar da su, yana ciki. A 1998 gwamnati ta kama shi bisa zargin shirya zanga-zanga, bai fito ba sai 2004. Fiye da shekara shida, tsakanin kurkukun Mandalay da na Myaungmya.

Zanukan ɗaki na farko a can ya yi su. Ba takarda, ba burushi. Fararen kayan fursuna yake samu ya shimfiɗa a ƙasa, fenti kuma a ɓoye ake shigo masa da shi. Yana zane da yatsa, da abin kunna sigari, da faranti, da guntun gilashi, da sabulun da ya sassaƙa ya mayar hatimi, da sirinji. Sirinjin ne ya tsayar da ni. Ni da nake riƙe shi kullum a wurin aiki, na matsa kusa na ga yadda layin yake fita siriri sannan ya yi kauri inda hannu ya danna da ƙarfi, na gane shi sarai. Sama da zane 200 ya yi a haka, aka riƙa fitar da su a asirce. Ya sa wa jerin suna 000235, lambar da ƙungiyar Red Cross ta ba shi lokacin da take ziyartar fursunoni. Ba zane ne mai daɗin kallo ba. Fuskoki a murɗe, haƙarƙari a waje, mutane a cunkushe kamar za su faso yadin. A littafin ayyukansa da na buɗa daga baya na ga wani zane na fursunan da ya datse yatsunsa da kansa don kada a tura shi sansanin aikin ƙarfi.

Yaya ta yi shiru a nan. Abin da ta ce kawai, "Wannan ai rigar mutum ce," da ta lura da ɗinkin gefen wani yadi.

Amma abin da ya kawo ni shi ne hannuwan. Tun 2013, da ya koma gida bayan zaman shekaru a Landan, yake bin tsofaffin fursunonin siyasa, maza da mata, yana naɗe hannun kowa da simintin asibiti irin wanda ake ɗaure karaya da shi. In ya bushe sai ya yanke ya cire, ya rubuta sunan mai hannun da kurkukun da ya zauna da shekarun da ya yi. Ya tara ɗaruruwa. Sau da yawa a fili yake yi, a gaban jama'a, mai wucewa ya tsaya ya ji. An ce dabarar ta zo masa ne bayan shi kansa ya karye a hannu an sa masa simintin.

To wannan sana'ata ce. Na san abin da ba a rubuta a jikin bango ba. Simintin nan in ka jiƙa shi ka naɗa, ɗumi yake yi yayin da yake kamawa, kuma dole mai hannun ya zauna cik na wasu mintuna, hannunsa a cikin naka, ba ya iya tashi, ba ya iya latsa waya. A wannan ɗan zaman mutane suke magana. Na sha jin abin da majiyyaci bai faɗa wa likita ba, bai faɗa wa matarsa ba, sai ni, don kawai ina riƙe da gwiwar hannunsa kuma ba kallon idonsa nake yi ba. Shi Htein Lin ya gano haka ya mayar da shi aiki: yana naɗi, yana tambaya, ana ɗaukar bayanin. A ganina zaman nan shi ne ainihin aikin, farin hannun da aka jera a kan katako shaida ce kawai cewa an yi shi. Mutumin da ya yi shekara goma a ɗaure, ya fito kowa na tsoron a gan shi tare da shi, yau ga wani ya riƙe hannunsa a bainar jama'a yana cewa faɗa mini.

Na yi wa Yaya wannan bayanin, ta ce, "To ina addinin nasa a ciki? Ni ban ga gunki ba."

A kurkuku ya riƙi irin zaman natsuwar da suke kira vipassana. Mutum ya zauna, ya bi numfashinsa, ya lura da duk abin da jiki ke ji, zafi ko ƙaiƙayi ko tsoro, ba tare da ya bi shi ko ya ture shi ba, har ya ga yadda yake zuwa ya wuce. Koyarwar Buddha ta ginu a kan cewa rayuwa cike take da wahala kuma babu abin da ke dawwama. Ni ba aƙidata ba ce, kuma ba na jin za ta taɓa zama. Amma na ga inda ta shiga aikin. Wanda ya koyi zama da zafin jikinsa bai zabura ba, shi zai iya zama da labarin azabar mutum ɗari huɗu bai katse su ba, bai kuma mayar da abin kuka ko neman fansa ba. A hannuwan babu ihu. Suna ne, da wuri, da shekara.

Abin da ya dame ni, kuma na faɗa wa Yaya a fili, shi ne wannan natsuwar ba ta hana masu irin tufafin malaman nan wa'azin ƙiyayya ba. Malaman Buddha ne suka fito a 2007 suka kife ƙwaryar bararsu suka ƙi karɓar sadakar sojoji, aka harbe su a titi. Daga cikinsu kuma aka samu masu cewa kada a saya a shagon Musulmi. Tufafi ɗaya. Yaya ta ce ai ba sai mun je Bama ba kafin mu san haka. Na bar maganar a nan.

Shi mai zanen bai zo bikin baje kolin ba, yana can gida. Bayan juyin mulkin 1 ga Fabrairu 2021 an sake kama shi a Agustan 2022 tare da matarsa Vicky Bowman, wadda ta taɓa zama jakadiyar Birtaniya a ƙasar, aka sake su a Nuwamba. Ga kuma girgizar ƙasar da ta afka wa yankin Mandalay ranar 28 ga Maris, Juma'ar ƙarshe ta azumi, ana tsakiyar lokacin salla. Masallatai sun rufta, gidajen ibadar mabiya Buddha ma haka, an ce waɗanda suka mutu sun haura 3,000. Yaya ta yi musu addu'a a hankali muna saukowa.

Kasuwa muka je daga nan, ta sayi kifi da attaruhu, muka yi ciniki har na gaji. A bas nake karanta mata wani aikin nasa na 2019. A can akwai camfin cewa in namiji ya bi ta ƙarƙashin zanen mace, ko aka haɗa wankinsu, kwarjininsa ya zube. Sai ya riƙa karɓar tsofaffin zannuwan mata yana zana fuskar mai zanen a kai, ita kuma ta rubuta ra'ayinta game da camfin, ya rataye su sama yadda sai mai kallo ya bi ta ƙasa. A 2021 kuwa mata masu zanga-zanga suka shanya zannuwa a igiya suka tare tituna, sojoji da bindigoginsu suka riƙa tsayawa sai an sauke kafin su wuce.

Yaya ta yi dariya har matar da ke gabanmu ta waiwayo. Ta ce kakarmu ma haka take faɗa game da masu layu da guraye, ba sa yarda su gifta ƙarƙashin shanyar mata. Ta ce in tura mata hotunan a WhatsApp, za ta nuna wa mijinta, tunda shi ma har yau bai yarda a haɗa kayansa da nata a injin wanki ba, wai launi ne yake gudu.